Lamba ta Goma Sha Bakwai a Jerin Manazarta

Akwai wasu kwanaki goma a rayuwata da ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba na jin zai iya kwashe su. Ba haɗarin mota na yi ba, ba kuma ciwo ne ya kwantar da ni ba. Jerin sunayen littattafai ne a shafin ƙarshe na wata takarda ya kusa raba ni da aikina da mutuncina. Na san wani zai karanta wannan ya yi dariya, ya ce wannan ma abin tsoro ne? To, ni na ji tsoron, har na rame a cikin kwanakin nan.

A lokacin ina ƙaramar malama a sashen nazarin halittu na wata kwaleji a nan Kontagora. A irin aikinmu, komai iya koyarwarki, ba a ƙara miki girma sai kin buga maƙala a mujallar kimiyya. Na daɗe a mataki ɗaya, waɗanda muka shigo tare duk sun wuce ni, har wani daga cikinsu ya fara ce mini "ƙanwata" alhali na girme shi. Abin ya ci mini rai, na ɗaura ɗamara. Bincikena a kan yadda manoma ke kare masara daga ƙwaro a rumbu ne. Na sha zirga-zirga zuwa Bangi da Kumbashi da Tungan Magajiya, wani lokaci a motar kasuwa, wani lokaci a bayan mashin, ina leƙa rumbunan mutane ina ɗibar hatsi a 'yan kwalabe. Wannan ɓangaren kam da hannuna na yi shi, babu algus a ciki.

Da na gama rubutu, sai na bi al'adar da na tarar. A wurinmu ƙaramin malami ba ya fitar da maƙala da sunansa shi kaɗai, sai ya jingina da sunan babba, don girmamawa da neman albarka. Babbanmu a sashen wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Dokta. Shi ya koyar da ni, shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki, kuma saura masa 'yan watanni ya yi ritaya. Na kai masa takardar na ce zan sa sunansa. Ya juya shafi biyu uku, ya ce, "Na yarda da aikinki, 'yata. Allah ya sa albarka." Bai karanta ba, ni ma ban sa rai zai karanta ba.

Ga wanda bai san harkar ba, bari in ɗan yi bayani. A rubutun kimiyya, duk maganar da ba taki ba ce dole ki nuna inda kika samo ta. A ƙarshen maƙala ana jera duk littattafai da maƙalun da aka dogara da su, wannan jerin shi muke kira manazarta. Tsarin da muka saba da shi a kwaleji shi ne a rubuta sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, a ƙarshe kuma a jera sunayen bisa harafi, mai A a sama, mai Z a ƙasa. Amma mujallar da na zaɓa lambobi take so. Littafin da kika fara ambata shi ne na ɗaya, mai bi masa na biyu, haka har ƙarshe, kuma jerin ƙarshen ya bi lambobin, ba harafi ba. Na zauna na yi wannan aikin da kaina, manazarta arba'in cif, kowace da lambarta.

Abin da ya rage shi ne ƙananan abubuwan da ke sa ni ciwon kai: ina waƙafi zai zauna, ina ɗigo, wane suna za a karkatar, wane za a taƙaita. Ni kuwa ba ni da haƙurin wannan, gaskiya. Sai na ɗauki filashin da na adana maƙalar a ciki na nufi shagon buga takardu da ke bakin ƙofar kwaleji. Mai shagon wata mata ce daga ƙauyukan Rijau, kowa Madam yake ce mata. Ta shekara da shekaru tana buga wa ɗalibai kundin bincikensu, hannunta a kan kwamfuta ko kallon madannai ba ta yi. Na ce mata, "Madam, ki daidaita mini manazartan nan su yi kyau." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Washegari na karɓa, na duba shafin farko na ga ya yi tsaf, na tura wa mujalla. Shafin ƙarshe ko buɗe shi ban yi ba.

Bayan kusan wata biyu, ranar wata Litinin da safe, ina ofis ina shirin shiga aji, saƙo ya shigo wayata daga editan mujallar. Da murna na buɗe. Kafin in kai layi na huɗu murnar ta koma ciki. Ya ce masanin da suka ba maƙalar ya duba ya bi manazartan ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kusan duka ba su dace da abin da aka jingina musu ba. Inda na yi maganar ƙwaron masara, lambar ta kai shi kan littafin lissafi. Inda na yi maganar zafin rumbu, ta kai shi kan binciken takin zamani. Ya ce suna zargin ƙirƙirar madogara aka yi. Sun ba mu kwana goma mu aiko da bayani, tare da hoton shafin farko na kowane ɗaya daga cikin arba'in ɗin. In ba haka ba, za su rubuta wa shugaban makarantarmu, su ambaci sunayenmu mu biyu.

Na karanta sau uku. Na san abin da wasiƙa irin wannan take yi in ta isa ofishin shugaba. Ba a daɗe ba aka gurfanar da wani malami gaban kwamitin ladabtarwa a kan satar rubutu, na ga ranar da ya fito da littattafansa a kwali, abokan cin tuwonsa duk suka juya baya kamar ba su san shi ba. Kontagora kuma ba babbar duniya ba ce. Kafin la'asar maganar za ta kai kasuwa, ta kai makarantar 'ya'yana, ta kai kunnen surukata. Ba za a ce ta yi kuskuren lamba ba, cewa za a yi malama ta yi ƙarya an kama ta. Sannan ga dattijon da bai ci ba bai sha ba, zai bar aiki da tabo a sunansa saboda ni.

Ajin da ban shiga ba ke nan ranar. Na buɗe abin da na tura, na gangara shafin ƙarshe. Nan na ga abin da ya faru. Manazartan sun jeru tsaf bisa harafi, daga A har ƙasa, an sake musu lamba daga ɗaya zuwa arba'in. Lambobin cikin rubutu kuwa suna nan yadda na bar su. Ke nan kowace lamba ta koma tana nuna gidan da ba nata ba.

Na isa shagon Madam ko gaisuwa ban yi ba. Ina da zuciya, ban ɓoye ba, kuma ranar ta tashi.

"Madam, wa ya ce ki taɓa mini jerin nan?"

Ta ɗago ta dube ni da mamaki. "Ah ah, Malama, ai gyara na yi maki. Na gan shi baje-baje, mai S a sama, mai B a ƙasa. Tun da na fara wannan aiki, duk furojet ɗin ɗalibi da ya fita shagon nan ba a jere ba, dawo mani da shi ake yi. Na ce kar a raina ki."

Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, sai na rasa ta inda zan kama. Matar nan abin da mu malamai muka koya mata shi ta yi. Mu ne muke jan jan biro a kan kundin ɗalibi in mai B ya riga mai A. Ban gaya mata mujalla ce ba, ban gaya mata tsarin ya bambanta ba. Da na yi mata bayani ta dafe kai ta ce, "Yesu! Na kashe ki, Malama." Allah ya taimake ni ba ta goge tsohon fayil ɗin ba, ta nemo mini shi nan take.

Na fito shagon da ɗan sauƙi a raina. Na ce ai shi ke nan, zan nuna wa edita tsohon jeri da sabo, ya ga kuskuren tsari ne. Saura kawai in tattara hotunan shafukan nan arba'in. Na ƙi gaya wa Baba Dokta komai, wai sai na gama gyara ɓarnata tukuna. Na yi kwana huɗu ina tara su. Wasu suna cikin kwamfutata, wasu a laburaren kwaleji, wasu wata ƙawata da ke koyarwa a jami'a ta ɗauko mini hoto ta turo. Duk wanda na samu sai in ja masa layi. Ranar Juma'a na ƙirga, talatin da tara.

Saura lamba ta goma sha bakwai.

Ita ce na jingina wa maganar cewa cakuɗa masara da toka da busasshen ganyen dogon yaro yana hana ƙwaro shiga. Sunan wani Bature ne a kai, da sunan wata mujallar ƙasar waje, da lambar shafi, komai tsaf. Na nema a intanet, babu. Ƙawata ta nema a laburarensu, babu. Ta sa aka duba mata fitowar mujallar ta shekarar da aka ambata, ta kira ni ta ce, "Ke, a wannan shafin maganar kifi ake yi. Anya kin taɓa ganin takardar nan da idonki?"

Amsar ita ce a'a. Ban taɓa ganinta ba. A cikin kundin wani ɗalibi da ya gama shekarun baya na tsince ta, na ga ta yi daidai da abin da nake so, na kwafe. Haka muke yi, kowa ya sani, ba mai faɗa. Kundi yana gadon kundi. Ranar ce na gane cewa Madam ba ta jefa ni rami ba, yaye zanin da ya rufe ramin kawai ta yi. Talatin da tara kuskure ne da zan iya kare kaina a kai. Wannan ɗayar kuwa ainihin abin da ake zargina da shi ne, kuma ba halin in cire ta shiru, tunda jerin yana hannun edita.

Ranar Litinin na roƙi ma'aikacin laburare ya buɗe mini ɗakin da ake jibge tsofaffin kundaye. Na nemo wanda na kwafa, na duba manazartansa, ga Baturen nan. Na shiga bin na shekarun baya masu magana a kan rumbu da hatsi. Na same shi a na biyu, na same shi a na uku. Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya shi ne, a kowane kundi sai wani abu ya canza. Nan shekarar daban, can lambar shafi daban, a wani ma harafin farkon sunansa ya koma wani. Kundi biyar na jera a ƙasa. Mafi tsufa da tafireta aka buga shi, takardun sun yi ja, gara ta ci gefe. Daga shi babu wani a baya. Na buɗe shafin sa hannu don in ga wanda ya duba aikin, sai na ga sa hannun Baba Dokta. Na zauna a kan wani kwali.

Saura kwana uku. Abinci ya daina shiga, maigidana yana tambaya ina ce masa zazzaɓi ne. Duk lokacin da masinja ya leƙo ofis da takarda a hannu sai in ɗauka kira ne daga ofishin shugaba. Na gaya wa wani abokin aiki da nake ganin zai rufa mini asiri. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ne ya hana ki cin abinci? Shafi ɗaya fa suke so. Ki sa a tsara miki shi a kwamfuta, da suna da komai, ki ɗauki hoto ki tura. Wa zai tashi daga wata ƙasa ya zo Kontagora bincike?"

Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na ɗauki shawarar. Na je shagon Madam, na jira ɗalibai suka ragu, na matsa kusa na yi ƙasa da murya na gaya mata abin da nake so. Ta janye hannunta daga kan kwamfutar ta ɗora a cinya.

"Malama, na farko kuskure na yi, na yarda, har yanzu bai bar damuna ba. Amma wannan ba kuskure ba ne. Zan iya yin shi, minti goma ya isa. Ba zan yi ba. Ki je ki gaya wa Baba."

Na ji haushinta sosai a lokacin, har na ce a raina ita ta jawo, ita kuma take mini wa'azi. Na juya na fita. Amma ƙafata ba ta kai ni ko'ina ba sai bakin titi, na tare mashin na ce unguwar su Baba Dokta.

Na tarar da shi bayan la'asar a kan tabarma a ƙofar gida, yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Na durƙusa na gaishe shi. Na miƙa masa wasiƙar edita, sannan na ciro kundayen nan biyar da na aro daga laburare na ajiye a gabansa. Na faɗi komai, har da zuwana na ƙarshe wurin Madam. Ina magana ina jiran ya ce in tashi in ba shi wuri. Ya sa tabarau ya karanta wasiƙar a hankali. Ya ɗauki tsohon kundin, ya buɗe inda na sa alama, ya daɗe yana kallo.

Can ya cire tabarau ya ce, "Babu wannan Baturen, 'yata. Ba a taɓa haifarsa ba."

Na ɗago na dube shi.

"Maganar toka da dogon yaro ni na faɗe ta a aji, ina saurayin malami. Wata tsohuwa ce a Kumbashi ta nuna mini a rumbunta, ta ce haka kakarta take yi. Na tuna yaron da ya rubuta wannan kundin. Ya sa maganar, na ce masa ya kawo madogara, ba a rubuta abu haka kawai. Bayan kwana biyu ya dawo da wannan sunan. Na ga sunan Bature, na ji daɗi, na sa hannu. Ban tambaye shi inda ya samo ba." Ya shafa kundayen da tafin hannu. "Da ya rubuta tsohuwa ce ta faɗa, da na soke. Ni na koya masa jin kunyarta."

Na fashe da kuka, na ce, "Baba, a cire sunanka. Ni na kwafa, ni zan ɗauka."

Ya ce, "Lokacin da za a raba yabo ban ce a cire ba. Kawo biro."

A kan tabarmar nan muka rubuta amsar. Muka bayyana yadda jerin ya hargitse, muka haɗa tsoho da sabo da hotuna talatin da tara. A kan ta goma sha bakwai muka rubuta gaskiya tsirararta: ba mu taɓa ganin takardar ba, daga tsohon kundi aka kwafo ta, mun bincika mun tabbatar babu ita, asalin maganar daga bakin wata manomiya ne. Baba Dokta ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, cewa ya yarda aka sa sunansa bai karanta ba, kuma wannan laifinsa ne. Da na zo danna tura saƙon washegari, yatsana ya daɗe a sama. Ina ji a jikina takardar korata nake aikawa da hannuna.

Amsa ba ta zo ba sai bayan mako biyu, kuma kar Allah ya maimaita mini irin makonnin nan. Ina tsaye gaban allo ina koyarwa, kunnena yana kan wayar da ke cikin jaka. Ranar da ta zo ban iya buɗewa ba, sai na kai wa Baba Dokta ofis ya karanta. Editan ya ce ba za su buga maƙalar ba, kuma kar mu sake aiko musu da ita. Amma tunda mun faɗi abin da su kansu ba su gano ba tukuna, ba za su rubuta wa makaranta ba. Ya ƙara da cewa da ma sun riga sun sa a nemo musu wannan takardar daga mujallar da aka ambata. Da na tura shafin bogi, da amsar waccan mujallar ta iso ta tona mini asiri. Na zame na zauna a ƙasan ofishin, ban damu da wa zai shigo ya gan ni ba.

Ƙarin girma ya wuce ni a wannan shekarar, na kuma ji zafinsa. Baba Dokta kuwa, kafin ya tafi, ya ɗauki kundayen nan biyar ya kai taron sashe, ya ba da labarin da bakinsa, ya soke sunan Baturen da jan biro a gaban kowa. Wasu malaman suka sunkuyar da kai, na san dalili. Da na sake rubuta maƙalar don wata mujallar, a wurin na rubuta cewa bayanin daga bakin manoman Kumbashi aka samo shi, kuma ba wanda ya ce mini don me.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya zauna. Jerin da ke bayan takarda ba ado ba ne da za a miƙa wa wani ya gyara, shaida ce kike bayarwa cewa kin gani da idonki. Wanda ba ki gani ba kar ki rubuta shi, komai kyan sunansa, kuma mai magana a ba shi maganarsa ko da bai taɓa riƙe biro ba. Shi ya sa ɗalibaina suke cewa ina da tsanani. Duk wanda ya kawo mini kundi, daga baya nake fara buɗewa, in ɗora yatsa a kan suna ɗaya in ce, "Je ka kawo mini wannan in gani."